Maigida na kwaso baƙi ba sanarwa, suruka ta tona ni a gabansu

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi, shekarata ɗaya da rabi a ɗakin miji. Ina koyarwa a wata makarantar firamare, ƙarfe shida da rabi nake fita, ba na shigowa gida sai bayan la'asar. Maigidana yana sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine. Kwanan nan ya fara ƙorafi wai ya yi aure amma har yau abincin titi yake ci da rana kamar gwauro. Ga shi da son jama'a: ranar Lahadi in ƙungiyar ƙwallo ta Kotoko na wasa, sai dai in ga takalma a ƙofar ɗaki, mutum biyar ko shida, ba wanda ya gaya mini. Makon jiya haka ta faru, ba ni da komai sai guntun miyar jiya. Na aiki yaro ya sayo waakye, wato shinkafa da wake, na juye a kwanukana na kai musu. Mahaifiyarsa Mma, da muke gida ɗaya, ta leƙo ta ɗanɗana, ta ce a gabansu, "Wannan ai hannun mai waakyen bakin masallaci ne." Aka kwashe da dariya, har da shi. Na shige ɗaki na yi ta kuka. Mma ta daɗe tana sayar da abinci kafin ciwon ƙafa ya zaunar da ita, kowa ya san hannunta. Ni ma na iya girki daidai gwargwado, lokaci ne ba ni da shi, kuɗin cefane kuma tun da aka kawo ni bai ƙaru ba. Har na fara tunanin ajiye aikin. Ya zan yi?

Wata 'yar'uwa, Aboabo

Wa alaikumus salam 'yata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda ya tsaya mini a rai shi ne wurin da kika ce "har da shi". Maganar Mma ta yi zafi, na yarda, amma dariyar maigida ce ta kai ki ɗaki. To ki share hawayenki, ba ki yi abin kunya ba. Baƙi sun faɗo miki ba shiri, kin zaro kuɗinki kin ciyar da su, ba wanda ya tashi da yunwa. A Zangon nan wace mace ce ba ta taɓa aika yaro da kwano wajen mai waakye ba? Wadda ta ce ita ba ta cin na saye, ki tambaye ta inda kokon safiyarta da ƙosai ke fitowa. Kuskurenki ɗaya ne, shi ma ɗan ƙarami: kin so ki ɓoye. Da kin shigo da tirenki kina cewa, "Yau hannun mai bakin masallaci za ku ci, tunda ba a gaya mini kuna tafe ba," da ke za ki ja dariyar, Mma kuma ba ta da abin tonawa.

Zancen ajiye aiki, ki cire shi daga ranki a yanzu. Kuɗin cefanen da bai isa ba kina da albashi, ba zai isa ba ranar da kika zauna. In wata rana ku biyun kuka zauna cikin natsuwa kuka ga zamanki a gida ya fi, wannan wata magana ce daban, amma ba a yanke irin wannan shawara da hawaye a ido.

Bari in ɗan tsaya wa mijinki kafin in ja masa kunne. Namijin da yake son a ci a gidansa ba mugun miji ba ne, kuma gado ya yi. Kalmar zango kanta ma'anarta wurin da ayari ke sauka, kakanninmu kuma da suka biyo hanyar goro zuwa ƙasar Asante a gidajen masu masauki suka fara cin tuwon Kumasi. Sannan ki tuna a wane gida ya tashi. Ɗan mai sayar da abinci ne. Tun yana yaro, duk lokacin da ya shigo da abokai akwai tukunya a kan murhu, ludayi kawai za a sa. A ganinsa haka kowane gida yake. Bai taɓa lissafa cewa waccan tukunyar sana'a ce ba, da jarinta da 'yan aikinta da tashin asuba. Ba da mugunta yake yi ba, rashin sani ne, kuma wannan yana da magani.

Amma Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama. In yana son abokansa su riƙa cewa gidan wane ba a fita da yunwa, to da kuɗinsa da sanarwarsa. Abu biyu za ki nema a wurinsa, kada ki haɗa da na uku. Na farko, ya gaya miki tun daren Asabar in yana sa ran mutane, in kuma abin ya zo ba zato, ya buga waya ko da awa biyu ne kafin su iso. Ranar wasa ai ba a ɓoye take ba, tun farkon mako an san da wa Kotoko za ta kara. Na biyu, kuɗin baƙi ya zama daban da na cefane. Kada ki kawo maganar a ranar Lahadi, kada kuma ki kawo ta da bakin "kuɗin ba ya isa", don wannan kalma kunnen maza ya saba da ita. Ki rubuta abin da kika saya na mako guda, komai da farashinsa, har gas da kuɗin niƙa, ki ajiye masa takardar bayan ya ci abincin dare. In da hali ma ki ja shi kasuwar Kejetia wata Asabar ya riƙe miki jaka, ya ji da kunnensa nawa ake kiran bokitin tumatir. Tun 2007 aka yanke sifili huɗu daga kuɗinmu, amma har yau tsofaffi na lissafi da miliyan. Haka farashin kasuwa yake tsayawa a kan maza da yawa, daidai inda yake a shekarar da suka yi aure. Batun dariyar kuwa, ki faɗa masa sau ɗaya, ku biyu kaɗai: "Ran nan da aka yi dariya, taka ce ta fi yi mini ciwo." Ki tsaya nan, ki bar shi ya juya maganar a ransa.

Yanzu mu shiga kicin, don can ne kike da iko ba sai kin jira kowa ba. Daga wasiƙarki na gane kowane girki daga tushe kike faro shi: ki dawo a gajiye, ki yanka albasa, ki yi markaɗe, ki jira tumatir ya daina tsami. Ba mai sayar da abincin da take haka. Sirrinsu shi ne aiki mai wuya sau ɗaya ake yinsa, sauran duk haɗi ne.

Ki ware awa uku ranar Asabar. Ki sayi tumatir kamar rabin ƙaramin bokiti, manyan albasa biyar ko shida, attarugu gwargwadon bakinku, citta da tafarnuwa, ki kai nika-nika a markaɗa miki gaba ɗaya. Ki zuba markaɗen a tukunya ba mai ba komai, ki bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri. Mata da yawa suna tsallake wannan mataki, shi ya sa miyarsu ke tsami kuma ba ta kwana. Sannan ki soya albasa a mai, ki sa tumatirin gwangwani ki soya shi har ya yi duhu kaɗan, ki juye markaɗen, ki rage wuta kina juyawa har mai ya taso sama. Gishiri kawai za ki sa. Kada ki sa nama, kada ki sa kifi, kada ki sa daddawa, saboda wannan ba miya ba ce tukuna, uwar miya ce, kuma kina so ta iya bin kowace hanya kika ja ta. In ta huce ki raba ta a ƙananan robobi biyar, ɗaya a firji, sauran a firiza. Lokacin rani, da ake jiran motocin Burkina Faso tumatir ya yi tsada, ki ƙara albasa da na gwangwani, ki markaɗa karas biyu a ciki, ba wanda zai gane.

A wannan Asabar ɗin dai, waken da kika jiƙa tun daren Juma'a ki dafa shi ba gishiri da yawa, ki raba shi kamar yadda kika raba miyar. Jiƙon yana rage miki gas sosai. Naman mako ma ki tafasa shi da albasa da citta da kanumfari, ki soya tsokar, romon kuma ki adana shi daban, don shi ne zai ceci dafa-dukarki ranar baƙi. Sau ɗaya a wata ki ƙara da shito: garin busasshen barkono, garin busasshen kifin amane, garin jatan lande, albasa da citta, da mai ba rowa. Wuta ƙasa-ƙasa, juyawa ba tsayawa, har ya koma ruwan ƙasa mai duhu ba sauran ruwa a jikinsa. Yana cin fiye da awa guda, kuma in kika juya baya ya kama, ɗaci zai yi. Ki zuba a kwalba busasshiya, mai ya rufe samansa, kada a taɓa sa masa jiƙaƙƙen cokali. Haka zai yi miki makonni.

Da waɗannan a hannu, abincin rana ya zama aikin minti ashirin. Ranar da kike son red-red, manja a tukunya, albasa, ludayi biyu na uwar miya, busasshen kifi, ki juye dafaffen wakenki, ki soya agada biyu da suka nuna, ki ɗaura garin rogo a leda. Ranar doya, ki wanke kontomire ki dafa shi ya nuna sosai, don ganyen gwaza in bai dahu ba yana ƙaiƙayin maƙogwaro, ki murje shi a asanka, kaskon markaɗe na yumɓu, ko ki yanka, ki zuba cikin uwar miya da manja da ɗan koobi, busasshen kifi mai gishiri, da kika jiƙa ya rage gishiri. Ranar da gajiya ta kai miki wuya, gari foto: ki yayyafa wa gari ruwa ya yi laushi ba tare da ya jiƙe sharkaf ba, ki fasa ƙwai biyu cikin miyar a kasko, ki juye garin ki gauraya. Minti goma. Angwamo ma haka, shinkafar da aka fara soyawa da albasa a mai kafin a zuba ruwa, da ƙwai da kifin gwangwani da cokalin shito a gefe. Tuwo zafi da miyar ayoyo kuwa ki bar su ga dare ko ƙarshen mako, ba sa son tafiya cikin kula, kafin azahar miyar ta saki.

Kuma ba girki biyu za ki yi a rana ba. Abin da kika dafa da dare, ki ƙara masa hannu, ki ɗebi na rana tun kafin a zauna ci. Shinkafa musamman kada ki bar ta ta kwana a tukunya a zafin Kumasi. Ki baza ta ta huce, cikin awa ɗaya zuwa biyu ta shiga firji, da safe ki ɗumama ta har tururi ya ratsa ko'ina sannan ki zuba a kula. Ki fara da kwana uku a mako. Sauran biyun ya ci na waje, ba zunubi ba ne, kuma ki faɗa masa haka tun farko don kada ya sa rai da biyar. Shi zai ɗauki kularsa da kansa, kuma ki kafa masa sharaɗin dawo da ita, don kulolin matan Zango da yawa sun ƙare a Magazine ana zuba musu noti da kusoshi. Ke ma ki ɗebi naki. Na lura a duk wasiƙarki ba ki faɗi abin da ke kike ci da rana ba.

Na san za ki ce to wuta fa? Ni ma dumsor, yawan ɗauke wutar nan, ya taɓa koya mini hankali. A 2015, lokacin da abin ya fi ƙamari, na cika firiza da miyar wata guda ina jin kaina gwana, muka yi tafiyar biki Tamale, na dawo na tarar da abin da ba zan kwatanta miki ba, har robobin na zubar. Tun daga nan ba na ajiye fiye da na mako ɗaya ko biyu. In an ɗauke wuta, firji yana riƙe sanyi kamar awa huɗu in ba a buɗe shi ba, firiza cikakkiya tana kai kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya. Miyar da ke firji ki cinye ta cikin kwana uku zuwa huɗu, wadda ta narke ta yi ɗumi kuma kada ki mayar da ita. In ma ba ku da firji, ba ki rasa hanya ba: ki yi uwar miyar ta kwana biyu kawai, ki soya ta ta bushe sosai, ki tafasa ta safe da yamma kamar yadda iyayenmu suka yi, ki jingina da abin da ba ya lalacewa, wato gari, shito, ƙwai, kifin Yeji mai banda, kuka da busasshiyar kuɓewa.

Sai ranar baƙi. 'Yata, mazan da suka zo kallon ƙwallo ba walimar aure suka zo ba. Idonsu na kan talabijin, hannunsu ne kawai ke cikin tire. Tukunya ɗaya ta ishe su, kuma dafa-duka ce ta fi sauƙi. Roba biyu na uwar miya, romon nan da kika adana, ɗan ƙarin kayan ƙamshi, ki wanke shinkafa kilo ɗaya da ɗan ƙari don mutum shida, ki juye ki gauraya ta sha miyar, ruwa ya tsaya daidai kanta kada ya wuce, ki rufe ruf ki rage wuta. Tururi ne ke dafa ta, yawan buɗewa da juyawa ke sa ta caɓe. Minti arba'in ta sauka. Kafin nan ki aika musu da soyayyar gyaɗa da sobolo, wato zoɓo, mai sanyi da citta, ko ki soya wagashi, wato cuku, ki barbaɗa yaji, bakinsu ya sami abin yi har a tafi hutun rabin lokaci. Nama kuwa aikin maigida ne: ya biya wajen mai tsire ya taho da chichinga, ki zare daga tsinke ki baza a kan shinkafar da yankakkiyar albasa da kabeji. A babban tire ɗaya za ki zuba, ba faranti-faranti ba, ya fi albarka kuma wanke-wanke ya ragu. In sun ƙaru da mutum biyu kada gabanki ya faɗi, ki dafa taliya ƙulli ɗaya ki ƙara a gefe. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abincin mutum biyu yana isar uku, na uku yana isar huɗu. Ranar da kuma aka kwaso su ba waya ba sanarwa, kina da damar ki ce yau sai dai gyaɗa da sobolo, ki faɗa da fara'a, shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma. Sau ɗaya ko biyu haka ta faru, zai koyi buga waya.

Na bar Mma a ƙarshe don tata ce ta fi buƙatar lallami. Abin da ta yi bai kyautu ba, babba ba ya tona ƙarami a gaban baƙi. Amma ki duba ta wajenta. Mace ce da sunanta a unguwa hannunta ne, ƙafa ta zaunar da ita, layin da ke ƙofarta ya koma wajen wata. Tana zaune sai ga waakyen waccan ɗin, wataƙila tsohuwar abokiyar gasarta, ya shigo har cikin gidanta, a kwanon surukarta, ɗanta na ci yana santi. Ina zargin ba rashin girkinki ne ya sosa mata rai ba. Akwai gwana a gida, aka tsallake ta aka tafi bakin masallaci. Da loma ɗaya ta gane hannun, kin ga har yanzu harshenta na aiki, kuma tana so a san haka.

Saboda haka kada ki rama, kada ki ɗaure mata fuska, kada kuma ki kai ƙararta gidanku, daga nan ne ƙaramar magana ke zama ta dangi. Ki mayar da ita malamarki. Waakye ai namu ne tun asali, sunan ma daga wake ya fito, jan nan nasa kuma karan dafi ne da 'yar kanwa da ke fito da launin. Amma yawan kanwar, da lokacin da ake tsame karan, da yadda wake zai kai kafin a zuba shinkafa don kada ɗaya ya riga ɗaya, waɗannan a hannu suke, kuma hannun yana ɗakin da ke kallon naki. Sau ɗaya a wata ya isa, ranar da kika san baƙi na tafe, don kada abin ya zama kullum kina ƙarƙashin umarni. In baƙin suka yaba, ki ce a gabansu, "Hannun Mma ne, ni 'yar aike ce." In kuwa kika gwada sau biyu sau uku kika ga gori ne kawai ke ƙaruwa, to ki janye cikin ladabi, ki ci gaba da gaisuwarki da kai mata kwanonta, ki bar ɗanta ya yi mata magana a keɓe, don wannan nauyinsa ne ba naki ba.

Asabar mai zuwa in kin dawo kasuwa, ki shiga ɗakinta da ƙullin karan dafi da wake da shinkafa, ki durƙusa ki ce, "Mma, ran nan kin kama ni. Ki koya mini naki, don kada a sake shigo da na wata gidan nan." Ki fito mata da kujera kusa da kurfoti, murhun gawayi, inda za ta miƙe ƙafarta, ke ki yi aikin ita ta yi baki. Za ta ce ruwan ya yi yawa, za ta ce kin cika gaggawa. In ta ce gishirin bai ji ba, ki miƙa mata ludayin ta gyara da kanta.